Tabarmar Da Ke Cikin Akwatinki

Hannatu, uwata, kin buɗe akwatinki har ƙasa? Kin fitar da ƙaramar tabarman nan mai ja da kore, wadda kika naɗe a cikin zanen Mamanki? In ba ki fitar ba, bar ta a wurin tukuna. In kuma kin fitar, ina roƙonki kada ki kai ta kusa da motar Anti Likita sai kin karanta takardan nan har ƙarshe.

To, na fara ta baya. Bari in gaishe ki. Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata jirgi ya sauke ki Kaduna lafiya, kin sami ɗaki, kin sami barci. Allah ya tsare ki a cikin gida, ya tsare ki a kan titi, ya ba ki farin jini wurin mutanen da kika je wa aiki. Mamanki tana gaishe ki. Labarin gida babu, kwana uku ne kawai, ba abin da ya canza sai kwanonki da ba a saukowa da shi. Ki yi haƙuri da hannuna, a ajin baftisma na koyi rubutu, ke ce mai makaranta.

Ran da za ki tafi na ga tabarmar. Mamanki ta ce sati biyu kika yi kina saƙa ta, don Anti Likita, 'yar Baba Rabaran ta fari, ta yi alkawari za ta fara koya miki tuƙi ran Asabar, motarta kuma irin mai canza giya da kanta ce, otomatik. Wai za ki shimfiɗa mata a wajen ƙafar direba, kada laka ta ɓata motar. A tasha na buɗe baki sau uku in yi magana. Jirgi ya yi kuka, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ki gaishe su." Na dawo gida a ƙasa, ban ma san hanyar da na bi ba.

Ban san abubuwa da yawa a garin nan ba. Shekara bakwai ke nan, har yau in na shiga ofis sai in rasa ƙofar da ake fita. Amma irin motan nan na san ta. Kin san shuɗiyar motar Baba Rabaran, doguwan nan da ke kwance bayan coci, kaji suna ƙwai a kujerar baya? Ke gidan kaji kika fi saninta. Ni na san ta lokacin da take numfashi.

Shekarar da aka mayar da motoci hannun dama muka zo Kafanchan, kina da shekara goma sha ɗaya. Abin da na iya daga ƙauyenmu na bayan Fadan Kaje shi ne akori-kurar kawuna, mai ɗaukar citta da acca. Sai an tura take tashi. Birkinta kuma sai ka taka ka saki, ka taka ka saki, kamar mai zuga wutar maƙera, kafin ya tuna da aikinsa. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa. Baturen mishan zai koma ƙasarsu, ya bar wa Baba Rabaran motarsa, Baba kuma bai iya tuƙi ba. Aka ce ai ga Ayuba.

Ran da na fara shiga, sai da na cire takalmi a waje. Baba ya ce, "Ayuba, sa takalminka, ba wurin sujada ba ne." Cikinta ƙamshin sabulu da tsohuwar takarda. Kujerar ta haɗiye ni. Na leƙa ƙasa, abin takawa biyu. Na sake ƙirgawa, biyu dai. Na ce, "Baba, an sace kuloci." Ya ce haka aka haife ta.

Uwata, in motan nan tana tafiya ba ka jin hanya. Ramin da zai jefa akori-kura sama, ita sai ta yi ɗan lilo kamar uwa mai lallashin goyo. Da safe, in gajimare ya sauko ya zauna a kan dutsen Kagoro, sai in ga kamar ba ƙasa muke bi ba, kamar ruwa ne ya ɗauke mu yana tafiya da mu a hankali, bishiyoyi suna matsawa gefe suna ba mu hanya. Hannuna ba shi da aiki, ƙafar hagu ba ta da aiki. Sai hankalina ya tafi ƙauye, ya tafi gonar babana, ya tsaya a bakin rafi. Nakan manta ni ne nake tuƙi. Duk kuskuren da zan gaya miki, daga nan suka fito. Motar da ba ta ba ki aiki, ita ce take sallamar hankalinki ya tafi yawo. In kin zauna a kujeran nan, ki zauna a cikinta duka, kada rabinki ya dawo Kafanchan.

Satin farko, muna shiga kasuwa a hankali, na ji a jikina lokacin canza giya ya yi. Ƙafar hagu ta tashi da kanta, ban aike ta ba, ta je neman kuloci. Ta sami birki, shi kuma faffaɗa ne, ta taka shi har ƙasa. Mama, matar Baba, tana baya da kwandon tumatir a cinya. Da na waiwaya tumatir yana kan gilashi, yana kan hular Baba. Mama ta share fuska ta ce, "Ayuba, miya ta yi. Saura ka tuƙa mana tuwo."

Baba ya tura ni wurin Malam Sule bakanike, na bayan kasuwa, wanda kakanninsa suke garin nan tun kafin jirgi ya zo. Ya taɓa aiki a garejin Turawa a Kaduna, shi kaɗai ya san cikin motan nan. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Ɗan mishan, ƙafa nawa gare ka?"

"Biyu, Malam."

"A gidanku ke nan. A cikin motan nan ɗaya gare ka."

Ya kwance igiyar akuyarsa, ya ɗaure mini ƙafar hagu a ƙarfen kujera. Kwana uku ina zagaya filin ƙwallo a ɗaure, akuyar tana yawo a sake. Ke ba ki taɓa sanin kuloci ba, ƙila ƙafarki ba za ta neme shi ba. Amma wani zai ce miki ai abin takawa biyu, ƙafa biyu, kowace ta ɗauki ɗaya. Kada ki yarda. Ran da tsoro ya zo, duka biyun za su taka tare. Ta dama ita ce ta totur, ita ce ta birki. Ta hagu ki ajiye ta can gefe kamar baƙuwa mai jin kunya.

Na biyu, gaisuwa ce ta ja mini. Kakanki na wajen uwa ya zo daga ƙauye, na hango shi kusa da coci da sandarsa. Kin san ba a gaida suruki daga zaune. Na taka birki, tayar gaba ta faɗa wani ɗan rami, mota ta tsaya cak. Na buɗe ƙofa, na fita, na durƙusa. Giya tana kan D, wato tafiya, inji yana aiki. Ina cikin "sannu da hanya, Baba, yaya mutanen gida," ya ce, "Duk lafiya. Amma abar hawanka ta yi gaba."

Na waiwaya. Ta fito daga ramin tana tafiya, ƙofa a buɗe, ba sauri, kamar saniya mai zuwa rafi ta san hanya. Ta ratsa gonar rogon coci, ta je ta jingina da mangwaro. Matan zumuntar coci suna fitowa daga koyon waƙa a daidai lokacin. Daga ran nan aka fara cewa motar Bature tana tafiya da kanta, wai ƙasarsu take nema. Da a ce ɗaya daga cikin matan nan tana gaban mangwaron fa? Nakan yi wannan tunani har yau.

Motan nan ba ta san tsayuwa ba, Hannatu. In giya tana kan D ko R, wato ribas, kika ɗaga ƙafa, za ta rarrafa ko ba ki taɓa totur ba. Haka aka yi ta. In za ki fita, ko na gaisuwa ne, ko gyale ne iska ta ɗauke, ki kai giya kan P, wato fakin, ki ja birkin hannu, ki kashe inji. Babba zai jira. Kuma kada hannunki ya taɓa sandar giya sai ƙafarki tana kan birki tukuna.

Akwai na rumbu ma. Ina ribas a gidan Baba, na juya jikina duka ina kallon baya. Da jiki ya juya, ƙafa ta juya tare da shi, ta koma kan totur ban sani ba. Na taka don in tsaya, mota ta zabura. Na ƙara takawa da ƙarfi, don a raina birki nake takawa, birkin ne ya ƙi. Rumbun masara ne ya tsayar da mu. Na rantse wa Malam Sule cewa birki na taka. Ya ce, "Duk haka kuke rantsewa, har da masu zuwa coci. Birki ba ya sa inji kuka." Ki sa wannan a kunne. In kin taka abin da kike ce birki ne, kika ji inji ya ɗaga murya, to ba birki ba ne. Kada ki ƙara ƙarfi. Ki ɗaga ƙafar gaba ɗaya, ki sake sauke ta a kan faffaɗan. Diddigenki ya zauna a ƙasa daidai gaban birki, yatsu ne za su riƙa leƙawa wurin totur su dawo gida.

Waɗannan duk an yi dariyarsu a gari, ke ma kin ji wasu. Wanda zan faɗa yanzu, kafin jiya ba wanda ya taɓa ji daga bakina, ko Mamanki ba ta ji ba tukuna.

Daminarmu ta biyu, kina ajin 'yan mata a coci ana koya muku saƙar kaba. Kullum kina ganina da tsumma ina goge jar laka a wajen ƙafata. Wata Asabar kika zo da hannu a baya, kika ce in rufe ido. Tabarma ce ƙarama, ja da kore. Kin naɗe bakinta sau biyu kin ɗinke, ya yi kauri, kika ce, "Don kada ta warware, Baba." Kin ma auna wurin da igiya ban sani ba. Ba wanda ya taɓa yi mini abu don aikina sai ran nan. Na shimfiɗa ta a kan robar da ta zo da motar. Baba ya yaba, Mama ta yaba.

Ba abin da ya riƙe ta a ƙasa. Kullum takan matsa gaba kaɗan kaɗan, ni kuma in jawo ta baya da diddige, ina murmushi, ina cewa a raina tabarmar uwata tana son ganin hanya. Wata biyu ina jawo ta. Gargaɗi ne ake yi mini kullum, ni kuma na mai da shi wasa.

Ran Lahadi ne da rana, muna dawowa daga taron coci a Gidan Waya. Baba yana gaba kusa da ni, Mama tana baya. An ɗauke ruwa, rana ta fito, titi yana tururi kamar tukunya. Wata gingimari mai katako tana hawan tudu a gabanmu tana zuba mana baƙin hayaƙi. Baba ya ce, "Wuce ta mana, Ayuba, kafin mu zama kifin banda." Na leƙa, hanya fes. Na taka totur har ƙasa, abin da ban taɓa yi ba. Muka wuce. Na ɗaga ƙafa.

Totur bai biyo ƙafata ba.

Ban san yadda zan gaya miki ba. Ba tsoro na fara ji ba. Na ji kamar mafarkin nan da mutum yake gudu amma ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Muka kai kan tudu, gangare ya buɗe a gabanmu, ga fadama can ƙasa kore shar, ga kwana kafin gada. Inji yana ihu, amma ni kamar daga nesa nake jin sa. Na ga wata mata a bakin hanya da tulu, na ga har ruwan da ke zuba a kafaɗarta. Na ji Mama ta fara addu'a da yarensu. Na ce a raina, ashe gaskiya ne, ƙasarsu za ta.

Sai jikina ya koma akori-kura. Na taka birki na saki, na taka na saki. Takawa ta farko ya kama, na ji motar ta sunkuya. Da na riƙe shi a nan, da yau wani labari nake ba ki. Amma na saki. Ta biyu ya kama kaɗan. Ta huɗu ya zama dutse, kamar ina taka bakin rijiya. Na sunkuya ina leƙen ƙasa, mota ta yi gefe, Baba ya kama sitiyari ya ce, "Dubi hanya." A wannan leƙen na gani. Bakin tabarmar mai kauri ya hau kan totur ya danne shi. Na murɗa makulli na kashe inji. Ihun ya tsaya, amma sitiyarin da nake juyawa da yatsa ɗaya ya zama kamar dutsen niƙa. Kwana ta zo. Na ja da duk ƙarfina, ta juya rabi.

Muka bar titi. Akwai ɗan lokaci da ba mu a ƙasa, ba ƙara, ba komai. Sai shinkafa ta karɓe mu, laka ta haɗiye tayoyi, gaban motar ya daki gindin wata giginya.

Shiru. Sai kwaɗi. Wata balbela ta sauko ta tsaya a kan bonet tana kallona ta gilashi. Mama ta ce, "Ayuba, kana nan?" Na ce ina nan. Ta ce, "Rabaran?" Baba ya zame daga kujera, yana ƙasa. Ya ce, "Ina nan, amma ƙafata ba ta tare da ni." Ƙafar da yake ja har yau ke nan, uwata. Sandan nan da kike ɗauko masa in zai hau bagadi, daga ran nan ne.

Washegari Malam Sule ya zo da tarakta aka jawo ta. Dattawan coci suna tsaye a bakin titi. Ya buɗe bonet, ya duba, ya rufe. Ya buɗe ƙofata, ya durƙusa, ya daɗe. Da ya miƙe na ga ya tura wani abu cikin rigarsa. Dattawa suka ce, "Malam, me ya same ta?" Ya ce, "Ga direba nan, ku tambaye shi." Duk suka juyo. Na ce, "Ita ta gudu da kanta."

Ba wanda ya yi mamaki. Sun riga sun ga ta ratsa gonar rogo.

A gareji ya fito da tabarmar ya miƙo mini. Ya ce, "Wa ya saƙa?"

"'Yata, Malam."

"Ta iya saƙa." Ya goge hannu. "Ni ban yi ƙarya ba, ban kuma tona ka ba. Amma abin nan da ka ɗauka, ɗan mishan, ba shi da nauyi yau. Bari ya kwana biyu."

Da na dawo gida kika tare ni a ƙofa, kika ce, "Baba, tabarmata fa?" Na ce ruwa ya tafi da ita. Tana ƙasan akwatina na ƙarfe, ƙarƙashin takardar baftismata, da busasshiyar lakar fadama a jikinta.

Na gaya wa kaina don ke na yi. Kullum da yamma ke ce mai kai wa Baba kunu a asibiti, kina zama kina karanta masa. Na ce yaya yarinya za ta ɗauki wannan. Gaskiya ne, amma rabi ne. Ɗaya rabin, tsoro na ji kada a kore ni mu koma ƙauye, a ce Ayuba ya je birni ya karya Rabaran. Na ɓuya a bayanki. In kin yi kuskure a wurin aiki, Hannatu, ki faɗa ran nan, da rana, kafin ya sami wurin kwana a cikinki.

Da Malam Sule ya gyara ta, bai mayar ba sai da ya kai ni filin ƙwallo. Ya zauna a gefena, ya miƙo ƙafarsa ya danne totur da kansa, ya ce, "To, ta gudu. Yi." Sau ashirin ko fi, har jikina ya saba. Abin da ya koya mini, shi ne dukan gadon da nake da shi, ga shi.

In mota ta ɗauki gudu ba ki aike ta ba, ki fara ɗaga ƙafa ki tabbata ba ke ba ce. In ba ke ba ce, ki taka birki da ƙarfi ki riƙe. Kada ki saki. Birkin irin motan nan yana da wani numfashi da yake taimakon ƙafa, in totur a danne yake, duk sakin da kika yi kin zubar da shi, ba ya dawowa. Taka ɗaya, mai nauyi, kamar kina danne bakin buhu. Kina riƙe da shi, ki tura giya kan N, wanda direbobi ke ce wa firi. A nan inji ya rabu da taya. Zai yi ihu kamar ana yanka shi, har ki ji tausayinsa. Na ce wa Malam, "Zai fashe fa." Ya ce, "Ya fashe. Inji ana sa wani." Idonki a hanya, kada ki leƙa ƙasa, kada ki sa hannu ki ciro komai. Kada ki jefa giya kan P ko R tana gudu. Ki kai ta gefe a hankali, ta tsaya, sannan ki kashe, sannan ki yi kuka in kina so. In firi ya ƙi shiga, to a nan ne za ki murɗa makulli, taki ɗaya kawai, kada ki zare shi, ki kuma sani sitiyari zai yi nauyi, ki kama shi da hannu biyu tun kafin. Birkin hannu a ja shi kaɗan kaɗan, ba fizga ba. Gangare mai tsawo kuma, ki sauko da giya ƙasa tun daga sama, kada ki bar wa birki aikin duka har ya yi zafi.

Ki roƙi Anti Likita ta kai ki fili ku gwada shiga firi tana tafiya a hankali, har hannunki ya san wurin ko ido a rufe. Ran da abin ya zo, kai ba ya aiki. Abin da jiki ya saba shi yake yi. Nawa jikin akori-kura ya saba.

Kuma kullum kafin ki tayar, ki sunkuya ki duba wajen ƙafa. Kwalba, takalmi, lemo, tabarma. Kada a sami komai sai abin da aka ɗaure.

Dattawa ba su yarda Baba ya sake shiga motar ba. Aka tura ta bayan coci, ba laifinta. Wani lokaci da rana in na gama aiki nakan kori kajin in zauna a ciki. Ciyawa ta fito ta ƙasa. In na lumshe ido sai in ji ta tashi, muna gangarawa, fadama tana zuwa, ni kuma in miƙa hannu a hankali in tura giya kan N. Sai mu tsaya a bakin gada, Baba ya fita da ƙafarsa biyu ya miƙe, ya ce, "Wannan iska da daɗi take." Sai zakara ya yi cara a kan bonet.

Yanzu ki saurare ni da kyau, don na san ki. Za ki ajiye takardan nan ki ce ke ce. Ba ke ba ce. Yarinya ta ga babanta yana goge laka ta yi masa abin kirki, ta kuma yi shi da kyau. Direba ne ya shimfiɗa, direba ne ya ga tana matsawa wata biyu, direba ne ya saki birki. Aikin hannunki ba shi da aibi. Wurin da na sa shi ne ba nasa ba.

Jiya na ɗauki tsohuwar tabarmar na tafi gidan Baba. Yana zaune a baranda, ƙafar a miƙe a kan siminti. Na durƙusa, na warware ta a gabansa, na faɗa masa duka. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Ayuba, a kujerar gaba nake fa. Da muka tsaya a cikin shinkafan nan, kaina yana wajen ƙafarka. Abin da na fara gani a duniya ke nan, ja da kore."

Na ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya ce, "Yarinyar tana kawo mini kunu. Kai kuma ina jiranka. Ka daɗe a hanya, direba."

Ban iya ɗaga kai ba. Ya sa sanda ya jawo tabarmar, ya karkaɗe lakar, ya ɗaga ƙafar da hannu biyu ya ɗora a kai. Ya motsa yatsu. Ya ce, "Simintin nan shekara da shekaru yana sa mini sanyi. Ashe nan ne wurinta." Na gaya masa akwai sabuwa a akwatinki, da inda kike shirin kai ta. Ya ce, "Rubuta mata yau. Ka ce ta aiko mini da ita. Ni ƙafa biyu gare ni, ɗayar ma tana so."

To kin ji. Ba ni na roƙa ba, Baba ne. Ki naɗe ta ki ba mai kawo miki takardan nan, gad ne mai kula da fasinja a jirgi, ɗan cocinmu, zai dawo da ita. Anti Likita kuma ki saƙa mata ta falo. Ran Lahadi zan tashi a gaban jama'a in wanke motar Bature, in ce ba ta taɓa neman ƙasarsu ba, direbanta ne. Mamanki zan gaya wa yau in ta dawo daga kasuwa, ki yi mini addu'a a kan wannan.

In kin yi fushi da ni don ƙaryar ruwa, ki yi, kina da gaskiya. Amma ki yi fushin tabarmar tana waje da motar.

Ubangiji ya riƙe hannunki a kan sitiyari, ya ba ƙafarki hankali. Ya kai ki inda za ki, ya dawo da ke, ke da duk wanda ya zauna a bayanki. Ya kawo ki gida da Kirsimeti in ga yadda kike ajiye diddige.

Na ji kukan jirgi daga wajen gada, gad ɗin kuma ya ce ba zai jira ni ba. Dole in tafi yanzu, uwata, in ba haka ba Asabar za ta riga ni isowa.

Ni ne babanki,
Ayuba